Geron Mamman

Ba zan ba da labarin ranar da muka bar gida ba. Abin da ya kamata a sani shi ne, shekara ce da damina ta ƙi a ƙasar Damagaram, gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Mu biyu muka rage a gidanmu, ni Ilu da yayana Mamman. Iyayenmu sun riga mu gidan gaskiya, ƙanwarmu kuma tana ɗakin mijinta a birni. Muka ja ƙyaure muka nufo kudu neman aiki.

Kayanmu ba su da yawa: bargo, 'yar tukunya, lauje, akuya ɗaya da ta rage mana, sai wata jakar fata da Mamman yake rataye da ita a kafaɗa. Irin gero ne a ciki, kamar mudu biyu. Mahaifinmu ya yi shekaru yana zaɓen zangarniyar da ta fi saurin nuna yana ware ta, har ya samu gero mai gajeren kara, mai ƙananan ƙwaya masu duhu, wanda ruwa kaɗan ke isar sa a rairayin gonarmu. Abin da ke jakar shi ne ragowar da muka ajiye don sake shuka, ruwan kuma bai dawo ba. Na ce mu bar wa maƙwabta ajiya. Mamman ya ce, "Ba don ban yarda da su ba, Ilu. Amma ba a ba mai yunwa ajiyar hatsi. Zalunci ne."

A lokacin an rufe iyaka. A Magarya muka gamu da wani mutum da ya ce ya san hanyar daji kamar tafin hannunsa, ladansa kuma akuyarmu. Muka yarda. Ya tafi da mu tun hantsi har rana ta karkata, sannan ya nuna wata tsamiya ya ce, "Da kun wuce waccan kun shiga Najeriya." Ya ja akuya ya juya. Muka wuce tsamiya, muka yi alwala da ɗan ruwan da ya rage, muka yi raka'a biyu ta godiya. Can gaba muka tarar da wata mata a bakin rijiya, muka tambaye ta hanyar Ɓaɓura. Ta dube mu ta ce, "Ai ku bari ku fita ƙasarku tukuna."

Ni na zauna a ƙasa don baƙin ciki. Mamman kuwa dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "To, Allah ya karɓi sallar dai. Godiya ba ta yin wuri." Haka yake. Wani Bafulatani mai shanu ne ya tsallakar da mu washegari a cikin garkensa, bai karɓi komai ba, har ya tatso mana madara.

Tsakanin iyaka da Kano yunwa ta taɓa mu sosai. Wata rana na ce masa, "Yaya, tafi ɗaya kawai mu tauna." Ya gyara igiyar jakar a kafaɗa ya ce, "In ka ci wannan, gonar Baba ka ci. Tashi mu tafi." Ban sake roƙo ba.

A Kumbotso muka samu aikin kwaɓa ƙasa wurin wani magini. Da aka gama katanga ya rage mana lada, ya ce wanda ba shi da takarda ba shi da baki. A Madobi muka yi dakon rake, muna kwana a barandar masallaci. Ladanin masallacin, wani tsoho mai ido ɗaya, shi ya ce mana, "Ku manoma ne, na gani a hannunku. Me kuke yi da dako? Ku gangara wajen Kura. Can ruwa na gudu da rani."

Ba mu gaskata shi ba sai da muka gani. Tsakiyar rani, ga alkama kore shar iyakar ganin ido, ga tumatir ja a kwanduna bakin hanya, ga ruwa yana tafiya a cikin kwata ta siminti, ba guga ba igiya. Mamman ya tsuguna ya tsoma hannu ya daɗe. Ya ce, "Ilu, da Baba ya ga wannan, da bai yarda duniya ɗaya muke da su ba."

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure muka zauna. Malam Habu ne ya ɗauke mu aiki, manomi ne da yake koyar da karatu bayan asuba. Ya ba mu wani ɗaki kusa da zaurensa. Abu na farko da Mamman ya yi a ɗakin shi ne ya kafa ƙusa a azara ya rataye jakar iri inda ɓera ba zai kai ba. Malam yana tsaye ya tambayi mene ne, Mamman ya kwance ya nuna masa. Malam ya murza ƙwayar a tafinsa ya ce, "Allah ya sa ku shuka shi da hannunku."

Muka koyi ban ruwa da lanƙwasassun bututu, muka koyi yankan alkama da tsinkar tumatir. Mai buɗe ƙofar ruwa ta sashenmu sunansa Garba, dogo mai rediyo a rataye. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, Garba kuwa ya riƙe shi kamar sana'a. In ya hango mu sai ya ɗaga murya, "Ku matsa daga kwata, kada 'yan Faransa su shanye mana ruwan gwamnati!" Mamman ya ce, "Bakano, ruwan da aka tsare maka da siminti kake wa fahariya? Zo garinmu ka ja guga gaba talatin, mu ga ko rediyo zai taimake ka." A haka suka zama aminai.

Gidan da ke kallon namu na Iya Tabawa ne, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun makon da muka zo kwanon tuwonta yake shigowa ɗakinmu kowace yamma. Na gidan Malam ma haka. Ni ina ci ina godiya. Mamman yana ci, amma abin yana damun sa. Yakan wanke kwano ya juya shi a hannu ya ce, "Innarmu ba ta taɓa mayar da kwano haka ba komai a ciki ba." Wani lokaci ya saka albasa biyu ko tumatir. Iya ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, albasar garinmu kake kawo mini tsaraba?"

Azumi ya kama cikin zafi, hadari yana haɗuwa yana watsewa. Shirinmu shi ne da an sha ruwan salla mu koma gida mu yi shuka. A goman farko zazzaɓi ya kama Mamman. Ya ce ba komai, ya fita gona. Kwana kaɗan ya kasa tashi. Garba ya ɗauke shi a keke zuwa asibitin sha-ka-tafi, aka yi masa allura, muka dawo. Ranar Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Malam Habu ya yi masa wanka ya sallace shi, aka kai shi maƙabartar da ke kan tudu bayan babbar kwata. Iyakar abin da zan iya rubutawa a kan wannan ke nan.

Sauran azumin na yi shi kamar mai tafiya cikin barci. Ina zuwa gona, ina dawowa, kwano yana shigowa, ina wankewa ina mayarwa. Na ƙudurta bayan salla zan ɗauki jakar in koma in shuka gonar Baba ni kaɗai.

Ranar da azumi ya cika ashirin da tara, bayan azahar, ina zaune a inuwar zaure sai ga Garba da kekensa. Tun rasuwar bai sake tsokanata ba. Ya zauna, muka gaisa. Can ya ce, "Allah ya jiƙan Mamman. Ya tafi ban ci dambun nan nasa ba."

Na ce, "Wane dambu?"

Ya ce, "Au, bai gaya maka ba? Kafin azumi ne, a bakin ƙofar ruwa. Ina tsokanar sa na ce Damagarawa ba abin da suka iya sai karɓar kwano. Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce, Garba, ranar salla in an sauko daga idi, kai da Malam za ku zauna a ƙofar ɗakinmu ku ci dambun garinmu, kwanon Iya kuma zai je mata a cike. A gaban Malam ya faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Wallahi wasa nake yi masa, Ilu. Da na san maganar za ta taɓa shi da ban yi ba."

Na ce, "In an ga wata, gobe ku zo."

Ya ɗago da sauri. "Kai, ba don haka na faɗa ba! Wa zai tambaye ka? Kana cikin makoki."

Na ce, "Yaya ya ce ƙofar ɗakinmu. Bai ce ɗakina ba. Ka gaya wa Malam."

Tun rasuwar, ranar ce na fara jin ƙafafuna a ƙasa. Na zauna na lissafa abin da ake bukata a kaina. Mutum uku ne, da ni huɗu. Dambu ba ya son tarkace: tsaki, zogale, albasa, ƙuli-ƙuli, mai, yaji. Albasa muna da ita a lungun ɗaki, da busasshen tumatir da muka shanya da kanmu. Zogalen dangar Malam ya yi sabon toho da yayyafin farko. Mai da ƙuli-ƙuli zan saya wurin Iya. Nama ba ni da halinsa, amma tun da aka rage ruwan rani tarwaɗa ta maƙale a kududdufan ƙaramar kwata. Girki kuwa na iya, don tun rasuwar Inna mu muke yi wa kanmu. Abu ɗaya ya rage, hatsi.

Na ari keken Garba na tafi kasuwa a Kura. Jajibere ne, ga shekarar fari, gero ya yi wuya, wanda ake da shi kuma ya fi ƙarfina. Ina zagayawa sai wani mutum a bayan rumfuna ya yafuto ni. Yana da masara a gindin buhu, manyan ƙwaya masu kyau, da wani ja-ja a jikinsu. Ya ji harshena ya ce, "Baƙo ne kai ko? Wannan sabuwar masara ce ta zamani, haka launinta yake. Don salla zan sauƙaƙa maka." A garinmu ba a noma masara, ban kuma taɓa ganin an shafa wa hatsi wani abu ba sai toka. Na ce a raina dambun masara ma dambu ne. Na saya, na dawo ina jin na yi dabara.

La'asar ta yi na yi sallama a ƙofar Iya, na roƙe ta ta sa a surfa mini a ɓarza, in biya. Ta buɗe ƙunshin, ta kai hanci, ta ɗago ta dube ni. Ta ɗebi kaɗan ta zuba a ƙwarya ta tsiyaya ruwa. Ruwan ya koma ja.

Ta ce, "Wa ya sayar maka?"

Na ce, "Wani ne a bayan rumfuna."

Ta ce, "Allah ya isa. Irin shuka ne wannan, wanda ake rabawa manoma, an cuɗe shi da maganin ƙwari. Kaza ma in ta tsattsaga sai ta miƙe ƙafa. Da ka kashe mana Malam ranar salla, ɗan nan."

Na dubi rana, ta yi ƙasa. Ko na koma, mutumin ya tafi, abin hannuna ma ya tafi da shi.

Da ta ji dalilin dambun sai ta ce, "To abu mai sauƙi. Ga shinkafata nan, ɗebi abin da kake so."

Na ce, "Iya, in kawo miki shinkafarki a kwanonki?"

Ta ce, "To jira gobe da asuba. Zakkar kono, ta fid da kai, za ta shigo maka daga gidan Malam da wasu gidajen. Ka dafa ita."

Na ce, "In ciyar da Malam da zakkar da ya fitar?"

Ta ce, "Kai da yayanka duk taurin kai ɗaya. To da me za ka yi? Da rairayi?"

Na koma ɗaki. Na tsaya ina kallon jakar a jikin azara. Na tuna hanyar Kano, da ranar da na roƙi tafi ɗaya aka hana ni. Na san in na sauke ta ba ni da abin da zan koma gida da shi, don geron ƙasar Kano yana son ruwan da gonarmu ba ta samu. Na san kuma Mamman ya tsare jakar nan da yunwarsa. Amma gonar Baba tana nan, ba inda za ta. Maganar Mamman kuwa ranarta ɗaya ce, gobe, kuma ba shi da bakin da zai ce a yi masa uzuri. Ban daɗe ina tunani ba. Na miƙa hannu na sauke ta.

Iya ta kwance bakin jakar, ta zuba kaɗan a tafi, ta gane. Duk unguwar an san jakar Mamman.

Ta ce, "Ilu, iri ne fa."

Na ce, "Na sani, Iya."

"Na mahaifinku."

"Shi ne. Yaya ya ce dambun garinmu. Babu abin garinmu a ƙasar nan sai wannan."

Ta mayar da ƙwayar da ke tafinta ciki. Sannan ta ɗaure bakin jakar ta ce, "Je ka nemo kifinka. Ni da matar ɗana za mu surfa. Ba za a kai shi inji ba. Kada kuma ka yi mini maganar biya, in ba so kake in ɗauko maka muciya ba."

Na ɗauki kwando na gangara ƙaramar kwata kafin rana ta faɗi. Na shiga taɓo har gwiwa, na kama tarwaɗa masu ɗan girma, na zuba su a bokiti da ruwa don su kai safe da rai. A hanya na tsaya na nemi izinin Malam a kan zogale. Ya ce, "Garba ya gaya mini. Ba dole ba ne, Iliya." Shi kaɗai yake kirana da cikakken sunana. Na ce, "Na sani, Malam." Ya ce, "To tsinki na sama, ya fi taushi. Za mu zo."

Ba a daɗe da shan ruwa ba aka ɗauki sowa daga bakin kwata, an ga wata. Rediyon Garba ya tabbatar. Daga gidan Iya na fara jin lugude, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Na zauna a bakin ƙofa ina gyaran zogale ina sauraro. Rabona da jin ana dakan geron gidanmu tun Inna tana da rai.

Da asuba Iya ta miƙo mini tsakin a ƙwarya, da madambacinta, da mai da ƙuli-ƙuli. Na hura wuta a bayan ɗaki. Na yayyafa wa tsakin ruwa na murza, na ɗora turarin farko. Na yanka kifin na wanke da toka don santsi ya fita, na soya albasa da busasshen tumatir na zuba shi ya dahu a hankali. Da tsakin ya yi laushi na juye, na haɗa da zogale da albasa da dakakken ƙuli-ƙuli, na mayar a wuta, na rage itace. Zakkar kono ta shigo kamar yadda Iya ta ce. Na karɓa na yi godiya, na auna tawa daga ciki na kai wa wani makaho a bakin masallaci, sauran na ajiye gefe. Na yi wanka na sa rigar Mamman, don ta fi tawa kyau, na tafi idi.

Da aka sauko na share ƙofar ɗaki na shimfiɗa tabarma. Na fara cika kwanon Iya, wanda ta saba aiko mana da tuwo a ciki, na ɗora kifi mafi girma, na rufe da faifai na kai mata da kaina. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "An gode, maƙwabci." Ba ta taɓa kirana haka ba.

Malam Habu ya zo da farar riga, Garba yana biye da shi, ya bar rediyo a gida. Na kawo ruwan wanke hannu, na ajiye tire a tsakiya, na tsiyaya mai. Garba ya shaƙi ƙamshin, tsohon halinsa ya motsa. Ya ce, "Malam, a yi bisimilla da ƙarfi. Girkin Badamagare ne, jiya ma na ji ya so ya ba mu maganin ƙwari."

Na ce, "Bakano ne ya sayar mini."

Malam ya yi dariya, ni ma na yi. Ita ce dariyata ta farko.

Malam ya kai loma ya tauna a hankali. Ya kai ta biyu, sai ya tsaya. Ya baza ɗan tsaki a yatsansa ya duba duhunsa. Ya ce, "Wannan ba geron kasuwar nan ba ne." Ƙofar ɗakin a buɗe take. Ya ɗaga kai ya dubi azara, ya ga ƙusa babu komai a jikinta. Garba ya bi idonsa, hannunsa ya tsaya a kan tire.

Garba ya ce, "Innalillahi. Ilu, saboda maganata? Wallahi ba zan iya haɗiye shi ba."

Malam ya ce, "Ci, Garba."

"Malam, irin ubansu ne fa."

"Na sani. Shi ya sa na ce ka ci. Mutum ya kira ka gidansa, ƙaninsa ya buɗe maka ƙofa. Kada ka bar ko ƙwaya ɗaya a tiren nan."

Muka ci mu uku. Garba yana ci yana share ido da hannun riga, yana cewa yaji ne ya yi yawa. Dambun ya yi daɗi, wannan zan faɗa ba tare da kunya ba. Ya yi washar-washar bai cuɗe ba, geron yana da ɗan zaƙin nan nasa. Da tire ya koma fes, Garba ya lashe yatsa ya ce, "To, na janye. Damagarawa sun iya mayar da kwano." Malam ya ɗaga hannu ya yi wa Mamman addu'a mai tsawo, ya haɗa da iyayenmu, ya ambaci sunayensu. Ban san ya riƙe su ba.

Ba su kai ga tashi ba sai ga Iya ta tsallako hanya da kwanon a rufe da faifai. Ta gaida Malam daga nesa, ta ajiye shi a gabana.

Na ce, "Iya, ai kwanonki ne."

Ta ce, "Daga gidanka ya fito, gidanka zai koma. Ni ma ba a koya mini mayar da kwano haka ba. Buɗe."

Na ɗaga faifai. Wani ɗan ƙyalle ne a ƙulle. Na kwance, sai ga geron nan, ɗanye, ba a surfa ba, ƙananan ƙwaya masu duhu, cikin tafi biyu.

Ta ce, "Kafin ya shiga turmi na ɗebe. Tun ina budurwa ban taɓa daka iri duka ba, ba kuma zan fara da tsufana don taurin kanka ba. Dambun dai ya ishe ku, ko bai isa ba?"

Malam ne ya karɓi ƙyallen ya auna shi a hannu. Ya ce, "Wannan ba zai shuke gonar ubanku ba, Iliya. In ka kai shi can ruwa ya sake ƙi, shi ke nan ya ƙare. Amma ina da wani gefe a kan tudu, bayan babbar kwata, inda ruwan ban-ruwa ba ya hawa. Rairayi ne, ba abin da nake yi da shi. Shuka shi nan bana ya yi yawa. Baɗi sai ka ga abin da ya fi."

Na san wurin. Daga can ana hango maƙabarta.

Garba ya ce, "Malam, ka ba Badamagare ƙasa? Shi ke nan, ba zai tafi ba."

Ruwan shuka ya sauka bayan salla da 'yan kwanaki. Na fita da sungumi, Garba yana bina yana jefa ƙwaya yana take rami, yana mita wai ma'aikacin gwamnati ya koma ɗan ƙwadago. Geron ya fito. Ya riga na kowa nuna, har mutane suna tsayawa a kan keke suna tambaya. Da kaka na ware zangarniya mafi kyau kamar yadda Baba yake yi. Shekarar da ta biyo na kai rabi gida, na ba ƙanwata da maƙwabtanmu, aka shuka gonar Baba. Rabin na bar shi a nan, ni ma na zauna.

Yau gidaje da dama a gefen tudun nan suna da irinsa. Ba su san mahaifinmu ba, ba su san jakar fata ba. In an tambaye su wane iri ne, sai su ce geron Mamman.